Irin da Bashir Ya Aiko

Gidan Inna Hajo yana ƙarshen wani lungu a Koki, irin lungun da ko babur sai ya karkace yake shiga. Tsohon ginin ƙasa ne da mijinta, marigayi Malam Ilu baduku, ya gada. Shekarar da Malam Ilu ya rasu ruwan Agusta ya kayar da ɗakin da yake ajiye fatu a bayan gida, ba a kuma sake tayar da shi ba. Hajo ta baje ƙasar da fartanya, ta roƙi takin awaki wajen maƙwabciyarta Dije, ta mayar da kangon lambu. Kuɓewa take shukawa da alayyafo da yakuwa. Sauran su suke shuka kansu. Duk damina sai tumatir ya fito a bakin magudanar wanke-wanke, akwai ma shekarar da gwanda ta tsiro a tsakiyar yakuwa, ba wanda ya san daga ina ta zo.

'Ya'yanta biyu ne suka rayu. Babbar, Kulu, tana aure a Ƙofar Mazugal. Sai autanta Bashir, mai gyaran injin ban-ruwa, wanda ya auro Sa'adiyya 'yar Goni Mustafa ya ajiye ta a ɗakin da tagarsa ke kallon lambun. Gidan Goni mutanen Barno ne tun kakanni, kuma an san matansu da haɗa humra da turaren wuta. Ranar da Sa'adiyya ta tare, Dije ta ce ko awakinta sun san an kawo Babarbariya lungun.

Hajo ta shirya zaman kawaici da suruka kamar yadda kowa ke yi. Sai ta samu yarinya mai surutu da saurin dariya, wadda ba ta iya bambanta tsiron kuɓewa da na rama ba, amma kullum tana biye da ita cikin lambu tana tambaya. Kafin a daɗe Hajo ta daina cin abinci ita kaɗai. 'Yar Goni take kiranta.

Ba su cika shekara da aure ba aiki ya yi wa Bashir ƙaranci. Wani abokinsa Mikail ya kira shi daga kudancin Libiya, ya ce gonaki ga su nan, injina ga su nan, masu gyara ne babu. Hajo ba ta so tafiyar ba, ta kuma faɗa masa. Ya lallashe ta, ya ce damina biyu kawai. Ya tafi.

Ana dab da faɗuwar ruwa wani matafiyi ya yi sallama a zaure ya miƙo saƙo. Dabino ne, da 'yar kwalbar man zaitun, da wata tsohuwar safa ƙafa ɗaya da aka ɗaure bakinta. Cikin safar ƙulle-ƙullen tsumma ne guda biyar, kowanne da iri a ciki, babu wanda aka rubuta wa suna. Sa'adiyya ce mai waya a gidan, ita ta kunna saƙon muryar da ya biyo bayan kayan.

"Inna, na san yanzu kin baje su a faifai kina harararsu," in ji muryar Bashir. "Kada ki tambaye ni, ba zan faɗa ba. Ku shuka ku gani. Irin tsofaffin manoman nan ne da suka gada, ko a kasuwarsu ba a sayarwa. Amma wanda na ɗaure da jan zare ba naki ba ne. Na Sa'adiyya ne. Ita za ta shuka da hannunta, a gindin tagarmu."

Hajo ta ce, "Danna min abin nan in ba shi amsa." Ta matso da bakinta kamar za ta ciji wayar. "Auta, ni za ka gwada? Wannan baƙin kankana ce, ko ido a rufe na sani. Wannan farin kuma dangin gurji ne. Je ka nemi wadda za ka ruɗa."

Amsa ta zo bayan la'asar, rabinta dariya. "Kin kusa, Inna, amma ba ki kai ba."

Da ƙasa ta jiƙu suka shuka. Hajo ta ja kunyoyi, ta ware wa kowane ƙulli wurinsa. Sa'adiyya ta durƙusa a gindin taga tana tono da ƙarfinta.

"Ba rijiya na ce ki haƙa ba, 'yar Goni. Gaɓar yatsa ɗaya ta isa."

Irin jan zaren ƙanana ne, farare-farare, ba su cika cokalin shayi ba. Hajo ta ce ta rage rabi saboda gaba. Sa'adiyya ta ce ai in ba su fito ba sai ya aiko da wasu, ta zuba su duka.

Suka fito kuwa. Daga nan aka shiga wasa. Kowace safiya Sa'adiyya ta ɗauki hoton ganye ta tura, Hajo ta yi hasashe, Bashir ya ƙi cewa e ko a'a. Ƙulli ɗaya dai ya tona kansa da wuri, don Hajo ta murza ganyen ta shinshina ta ce hulba ce, ya ce ta ci wannan. Ɗaya kuma bai tsiro ba sam, ya rantse ba tsakuwa ya ƙulla musu ba. Duk lokacin da Sa'adiyya ta kulle ɗaki ta roƙe shi ya faɗa mata nata a ɓoye, sai ya ce ta yi haƙuri, hancinta zai riga idonta sani. Ta ɗauka tsokana ce irin tasa.

Wata hantsi tana kan kujera 'yar tsugunno tana ɗaura igiya a ƙarfen taga don yaɗon ya samu abin kamawa, wayar ta yi ƙara. Mikail ne. Ya gaishe ta a gajarce, ya ce ko akwai namiji a gidan. Ta ce babu. Ya ce ta ba shi lambar mijin Kulu. Ta karanto masa lambar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, sannan ta koma ta ƙarasa ɗaurin igiyar, ta zauna a ƙasa.

Kafin azahar mijin Kulu ya shigo tare da Goni Mustafa. Goni ne ya yi maganar. Ya ce wayar lantarki ce ta injin wata rijiya, Bashir ya taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, ko shurawa bai yi ba. An riga an binne shi a can.

Hajo ta yi salati, ta maimaita. Sai ta ce, "Wa ya yi masa wanka?"

"Mikail da limamin wurin," in ji Goni. "Ya ce mutane da yawa sun sallace shi."

"To, alhamdulillahi," ta ce. Ta miƙe ta ɗauko musu tabarma.

Gida ya cika ya batse, sannan ya watse kamar yadda gidan makoki yake yi. Sa'adiyya ta shiga takaba a ɗakin mijinta. Ta kwashe kwalaben humrarta da kaskon turare da 'yan kunne ta zuba a akwati ta tura ƙarƙashin gado. Su biyu suka rage a gidan, suna gaisawa da safe, suna dafa abin da ba sa cinyewa. Babu wadda ta leƙa lambu. Amma damina ce, lambun bai jira kowa ba.

Wata safiya Hajo ta zagaya ɗauko itace ta hango wani abu kore, dogo, a lanƙwashe yana reto daga katanga. Ta ƙwalla ƙara. Sa'adiyya ta fito a guje da taɓarya. Suka tsaya nesa suna jira ya motsa, bai motsa ba. Sa'adiyya ta matsa ta zungure shi.

"Inna, gurjinki ne."

Gurji ne kuwa, amma ya fi tsawon hannun mutum, jikinsa da tsaga-tsaga, ya murɗe kamar maciji. Hajo ta dafe ƙirji ta ce, "Ɗan banzan yaro!" Dariya ta kubce musu su duka biyu, irin wadda ba su yi ba tun ranar. Sa'adiyya ta yar da taɓaryar ta juya da sauri za ta ɗauko waya ta ɗauki hoto. Ta yi taku kaɗan ta tsaya cak a tsakar gida. Hajo ta ga bayanta yana rawa. Ta je ta kamo ta, suka zauna a bakin rijiya, nan ne suka yi kukan da ba su yi a gaban mutane ba.

Daga ranar suka koma lambun. Aiki ne ya same su ba kaɗan ba, don shukar ƙasar da ba ta san ruwa ba ce ta faɗo cikin Agustan Kano. Ganye ya fara yin fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. 'Ya'yan kankana suna kai girman dunƙulen hannu sai gindinsu ya ruɓe. Hajo ta fasa wata tsohuwar randa, suka riƙa ɗora kowace kankana a kan tsingaro don kada ta taɓa laka. Suka barbaɗa toka, suka jiƙa ganyen darbejiya suna yayyafawa. Duk da haka yawanci suka lalace, biyu kawai suka kai. Ranar da Hajo ta ƙwanƙwasa babbar ta ji ta nuna, ta sa wuƙa, sai ga ciki rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, zaƙi kuwa har yana kama maƙogwaro. Ta aika wa Dije yanki, ta aika gidan Goni, ta ajiye wa Kulu. Ita kanta loma ɗaya ta iya haɗiyewa.

Shukar Sa'adiyya ita ce ruwan bai taɓa ba, saboda inuwar indararo da ta kare ta. Ta bi igiya ta naɗe ƙarfen taga, ta yi ƙananan furanni rawaya, ta ɗaura 'ya'ya fiye da goma. Kowace safiya Sa'adiyya sai ta auna su da tafin hannunta. Suka kai girman lemon zaƙi suka tsaya. Aka ƙara taki, aka rage ganye, ba su ƙara ko kaɗan ba. Sai launinsu ya juya, koren ya koma ruwan ɗorawa da ratsin ja-ja, kyawawa kamar an zana su da hannu.

Sannan ƙamshin ya fara. Da fari Hajo ta ɗauka wani ne ya wuce da mangwaro a lungu. Amma ya fi na mangwaro sanyi, akwai wani abu kamar fure a cikinsa, kuma da yamma in an ɗauke ruwa sai ya cika tsakar gida ya shiga ɗakin Sa'adiyya ya zauna a labule da matashin kai. Ranar Juma'a da Goni ya zo duba 'yarsa, ta tambaye shi kanta a sunkuye.

"Baba, ni da aka hana turare, ga wannan yana bina har gado. Takabata ba ta ɓaci ba?"

Goni ya ɗaga hanci ya shaƙa. "Shafawa kika yi?"

"A'a."

"To ba ki yi ado ba. Tsiro ne Allah ya ba shi warinsa. Bar shi."

Da guda ɗaya ta faɗo da kanta, suka wanke ta suka yanka. Cikin fari ne, ruwa-ruwa. Hajo ta ɗanɗana ta tauna. Babu zaƙi, babu ɗaci, kamar an jiƙa auduga. Sa'adiyya ta ci nata yankin har ɓawo, tana neman inda daɗin ya ɓuya.

"Ruwa ne ya ɓata ta," in ji Hajo. "Ba ƙasarta ba ce."

"Ai taki kankanar ta yi, Inna. Tawa ce ba ta yi ba. Wataƙila ni ce ban iya ba."

Sa'adiyya ta kwashe ɓawon da 'ya'yan cikin ta watsa a kwandon shara.

Tun daga nan Sa'adiyya ta canza. Ta daina taya Hajo hira. Sai ta wuni a bakin taga da guda ɗaya a hannu tana juyawa, waya a kunne tana sake sauraren tsofaffin saƙonnin Bashir ko akwai wata kalma da ta wuce ta. Tuwo ya kwana a kwanonta. Wuyanta ya fito, idanunta suka faɗa. Hajo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta dama mata kunun gyaɗa da hannunta, sai ta kurɓa sau biyu ta ajiye.

Dije ce ta fara faɗa, murya ƙasa-ƙasa, ranar da ta shigo aron turmi. "Hajo, ni fa abin nan bai kwanta min ba. Abin da ba a ci, ba a san sunansa ba, sai ƙamshi kamar gidan biki? Kin san masu son ƙamshi. Ga yarinya cikin takaba, jikinta a buɗe. Ni da ke ce, da na cire."

Hajo ta ce Goni da kansa ya ce a bari. Dije ta ce Goni ba ya kwana a gidan. Da Kulu ta zo ta ga yadda matar ƙaninta ta koma, ita ma ta ce ko ba iska ba ne, zaman da take yi a gaban abin nan shi yake cinye ta.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da Sa'adiyya. Jikinta ya yi zafi kamar garwashi, ta fara sambatu tana cewa a buɗe masa ƙofa ga shi nan a bakin taga. Da gari ya waye Kulu ta zo da mai adaidaita sahu bakin lungu, suka tallabe ta zuwa asibiti. Hajo ta rage ita kaɗai a gidan. Ta tsaya a tsakar gida, ƙamshin yana ta zuwa mata. Ta riga ta rasa ɗaya a inda hannunta bai kai ba. Wannan kuwa a gabanta take narkewa.

Ta ɗauki fartanya. Sara ɗaya ta yi wa gindin, ta bi yaɗon tana warware shi daga ƙarfen taga, 'ya'yan suna faɗowa suna gangarawa. Ta tsince su kaf, har wadda ta samu a ƙarƙashin matashin Sa'adiyya, ta cusa komai a bokiti ta kai gidan Dije ta juye wa awaki. Suka yi caa a kai. Ta dawo ta share wurin tas, ta wanke hannu da sabulu har sau biyu, ƙamshin bai fita ba sai washegari.

Zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce a asibiti. Aka yi mata allurai aka ƙara mata ruwa, da yamma Kulu ta dawo da ita. Suna shigowa Sa'adiyya ta tsaya. Tagar ta yi fayau, sai guntun igiya yana lilo.

"Inna, ina take?"

"Na cire ta, 'yar Goni. Cutar da ke take yi."

"Duka?"

"Duka."

Sa'adiyya ta daɗe tana kallon wurin. Ta ce, "To." Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Ta warke. Ta koma cin abinci, har Dije tana cewa, "Kin gani ko?" Tana durƙusawa ta gaida Hajo da safe, tana girki, tana shara, babu abin da za a ce ta rage. Amma ba ta sake taka lambun ba, kuma in Hajo ta jawo hira sai ta amsa da kalma ɗaya ta yi shiru.

Ruwa yana ɗaukewa Mikail ya dawo ƙasar gaba ɗaya. Ya zo ta'aziyya da jakar Bashir a hannu: kaya kala uku, hula, da sufanunsa na gyaran inji a naɗe cikin tsumma. Hajo ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Sa'adiyya tana daga bayan labule. Ya ba da labarin ranar a taƙaice, ya yi addu'a, aka shafa. Da zai tashi idonsa ya kai lambu, inda ragowar dogon gurjin nan ya bushe a jikin katanga.

"Ashe sun fito," ya ce, ya ɗan yi murmushi. "Kullum sai ya nuna mana hotunan. Inna, mai rawayan cikin ta yi?"

"Ta yi, guda biyu."

"Wadda suke ce wa shammama fa? Ta jan zaren?"

Hajo ta ce, "Wannan ba ta yi ba. Ta tsaya ƙanana, kuma babu ɗanɗano."

"Ai haka take, Inna. Ba ta wuce haka, kuma ba a cin ta." Ya gyara zama. "Ƙamshin shi ne amfaninta. Tsofaffin matan can suna sa ta a akwatin tufafi, ko su ajiye a ɗakin amarya. Wani dattijo ne yake da ita a bayan gidansa, ya ce tun kakarsa suke riƙe da irin. Bashir ya yi ta bin sa ya ƙi ba shi, sai da ya wuni yana gyara masa inji bai karɓi komai ba, sannan matar dattijon ta ƙullo masa ɗan wannan. Murna a wurinsa ranar, kamar an ba shi mota. Ya ce matarsa 'yar gidan masu turare ce, babu ƙamshin da zai saya mata ta ce ba ta sani ba, to ga wanda ba ta taɓa ji ba." Ya juya wajen labulen. "Ta yi ƙamshin kuwa?"

Can daga ciki Sa'adiyya ta ce, "Ta yi."

"Alhamdulillahi. To ya samu abin da yake so."

Hajo ta ce, "Mikail, ana iya samo wani irin?"

Ya girgiza kai. Ya ce garin da nisa daga inda ya baro, shi bai ma san sunan dattijon ba, kuma ya yi rantsuwa ba zai sake taka hanyar nan ba. "Amma ai kun ajiye 'ya'yan ciki, ko? Busar da su kawai za a yi."

Ya dubi Hajo, ya dubi tagar, ya yi sallama ya fita.

Ko la'asar Hajo ba ta jira ba ta yafa mayafi ta shiga gidan Dije da babban kwano. Ta ce a nuna mata inda ake tara sharar turken awaki. Dije ta ce an share ya fi a ƙirga tun ranar, ga shi can a tsibe a lungu. Hajo ta durƙusa ta cika kwanon, ta kai gida, ta dawo, har sai da ta kwashe tsibin. Ta san tumatir yana bi ta cikin dabba ya fito ya tsiro. Ta baje takin a gindin taga, ta rufe da ƙasa mai laushi. Damina ta riga ta wuce, rijiyar gidan ta ja baya, sai ta riƙa tsayar da mai ruwa tana saye tana yayyafawa safe da yamma.

Abubuwa suka tsiro. Duk wanda ya fasa ƙasa da ganye biyu sai Hajo ta durƙusa a kansa har gwiwoyinta su sage. Ciyawa ta fito, rama ta fito, wake ya fito, tumatir ya fito da yawa. Sai wata safiya ga wani tsiro mai kauri da faffaɗan ganye irin na dangin kankana. Hajo ba ta faɗa wa kowa ba. Ta kewaye shi da tsingaro, ta kifa masa tsohon kwando da rana. Ya yi ganye na uku, ya yi na huɗu.

Tana durƙushe a kansa ta ji motsi a bayanta. Sa'adiyya ce, ta fito har cikin lambun. Ta tsuguna ta kama ganyen ta juya shi, ta shafa bayansa.

"Inna, kabewa ce."

"Ki duba dai da kyau."

"Na duba. Ganyen waccan bai kai rabin wannan ba, kuma bai yi kaushi haka ba. Na san shi, Inna. Kullum ina kallonsa."

Hajo ta zauna daɓas a ƙasa. "Abu ɗaya ya aiko miki. Ni na ɗauka da hannuna na ba awaki."

Sa'adiyya ta ce, "Na ji haushinki, ba zan ɓoye miki ba. Har na ƙagu kwanakin nan su cika in tafi." Ta share ido da gefen hijabi. "Amma ni ma ai na yanka ta na ce ba ta yi ba, na zubar da 'ya'yan a shara. Ya ma faɗa min hancina zai riga idona, ban gane ba. Tana ta yi min abin da ya aiko ta ta yi, ni ina zaune ina jin haushin ba ta girma ba."

"Da na bar miki ko guda ɗaya."

"Tashi, Inna, ƙasar nan da sanyi. Ki daina sayen ruwan nan haka."

Ta kama ta ta miƙar. Ranar tare suka ci abinci a kwano ɗaya. Hirar ba ta koma kamar da ba, amma ta dawo kaɗan, kuma ba su da sauran lokaci mai yawa.

Da takaba ta cika, gwaggon Sa'adiyya ta zo da mata biyu daga gidan Goni. Aka yi mata wanka da kitso, ta sa sabuwar atamfa. Mota ba ta shiga lungun, don haka a ka aka riƙa fitar da gado da katifa da kwanuka zuwa bakin titi. Ɗakin ya koma fili, sai sawun ƙafafun gado a daɓe. Hajo ta ba ta hular Bashir, ta riƙe sufanun. Ta kuma ƙulla mata irin kankanar nan mai rawayan ciki da ta busar. Sa'adiyya ta karɓa da hannu biyu, duk da su biyun sun san gidan Goni siminti ne har bakin zaure.

A zaure ta durƙusa. "Inna, ki yafe min."

"Ba ki yi min komai ba, 'yar Goni. Allah ya ba ki wanda zai riƙe ki da kyau. Ki riƙa leƙo ni."

Ta riƙa leƙowa kuwa, da fari duk Juma'a, daga baya sai an kwana biyu. Kulu ta yi ta fama da Hajo ta koma Mazugal wurinta, Hajo ta ce ba a barin gida babu mutum. Bayan shekara da wani abu Sa'adiyya ta zo da kanta, ta zauna a bakin tabarma tana wasa da zoben hannunta, ta ce wani ɗan'uwan Baba ne, malamin makaranta a Maiduguri, an sa rana. Hajo ta tambaya ko yana da kirki, ko uwarsa tana da rai. Ta sa albarka mai yawa, ta raka ta har bakin lungu, abin da ba ta saba yi wa kowa ba.

Ba ta je bikin ba. Ta aiki Kulu da turmin atamfa da kwalla ɗaya ta kayan miya busassu. Ranar da motar amarya ta tashi, Dije ta leƙo da hantsi ta same ta a kwance, fuskarta a bango, ko wuta ba ta hura ba.

"Hajo, ko ba lafiya?"

"Lafiya lau," ta ce, ba ta juyo ba. "In za ki fita ki ja min ƙofar."